Kanikanci a Mararrabar Takieta, Daga Maƙera Zuwa Solinoyid

Duk matafiyin da ya taso daga Maraɗi ya fuskanci gabas, ya wuce Tasawa, ya yi ta keta gonakin gero da itatuwan gawo har ya rage masa kimanin kilomita 50 ya shiga birnin Damagaram, to, ba makawa sai ya ratsa Takieta, garin da babbar hanyar Yamai ta gamu a cikinsa da wata hanya wadda ta yi kudu, ta bi ta Kance da Matamaye, ta tsallaka iyaka zuwa Daura, ta dire a Kano. Garin ba shi da ganuwa irin ta Birni, ba shi da fada irin ta Sarkin Damagaram, kuma sai a shekarar 2011 hukuma ta yanke shi daga Mirya ta ba shi gunduma tasa; arzikinsa da sunansa duka a mararrabar nan suke. Inda hanyoyi suka gamu kuwa nan mota take rage gudu ta tsaya, inda ta tsaya nan cutar da ta ɓoye a cikin gudu take bayyana, shi ya sa ba a taɓa rasa rumfar bakanike a gefen kwalta a irin wannan wuri, da ƙasa baƙa wuluk don baƙin mai, da yara kwance a ƙarƙashin mota ƙafafunsu kaɗai ake gani. Tarihin wannan sana'a nake nufin bi, kuma zan bi shi har ya kai mu ga wani ɗan ƙaramin ƙarfe da bai wuce babban yatsa ba, wanda a ganina ya jarraba ma'abota sana'ar fiye da yadda manyan injuna suka jarraba su.

Sanin ƙarfe a ƙasar Damagaram ya girmi mota da nisa. A zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884 bayan ya riƙe ƙasa kimanin shekara talatin, ya kewaye birni da ganuwa, ya faɗaɗa mulki har maƙwabta suka shiga taitayinsu, maƙeran birni ba su tsaya ga hauya da lauje da linzami ba, har igwa suka zuba, aka haɗa albarushi a gida, aka riƙa gyaran bindigogin da ayarin Tarabulus ke kawowa ta Gat da Agadas. Mutumin da aka miƙa wa bindigar da ba a ƙasarsa aka ƙera ta ba, babu littafi, babu malami, ya kwance ta, ya yi nazarin gaɓoɓinta, ya gane wanne ke tura wanne, ya ƙera madadin wanda ya karye, haƙiƙa ya riga ya zama bakanike tun ba a san sunan ba. Ban ce kowane mai sifana a yau jikan maƙeri ne ta wajen jini ba, amma ta wajen ɗabi'a da hanyar bincike, gadon a fili yake. Igwar nan ba ta hana ƙaddara ba, domin a 1899 rundunar Faransa ta karya Sarki Ahmadu Kuran Daga a Tirmini, wadda ke kan hanya tsakanin Takieta da birni. Sarauta ta raunana, amma zugazugi ba su daina hura wuta ba.

Daga nan al'amura suka yi ta sauyawa da gaggawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hajar da a dā take shafe watanni a bayan raƙumi cikin sahara ta koma shigowa ta teku, ayari ya ja baya, fuskar fatauci ta juya kudu. Damagaram ta zama mazaunin gwamnan mulkin mallaka har 1926, sa'ad da aka mayar da shi Yamai, kuma a ƙarshen 1924 motocin nan takwas na kamfanin Citroën masu sarƙa a madadin ƙafafun baya, waɗanda suka keto sahara daga Aljeriya ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil, suka biyo ta Tasawa suka sauka a birni kafin su nufi tafkin Cadi. Amma abin da ya kafa kanikanci da gindinsa gyaɗa ce. Ƙasar Matamaye da Magarya ta zama ƙasar gyaɗa, buhunanta kuwa tilas su kai tashar jirgi a Kano, sai manyan motoci suka yi ta kai da kawowa a kan hanyar jar ƙasa mai gargada, wadda ke karya sifirin, ta kwance noti, ta tsage lagireto. Bayan mulkin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗar, aka ci gaba da haka har farin 1973 da abin da ya biyo bayansa suka durƙusar da noman. Na farkon kanikawa galibinsu a garejin hukuma da na kamfanoni suka koya, wajen Turawa da mutanen Dahome da Togo da Yarabawa, sa'an nan suka fito suka kafa rumfunansu, suka jingina da maƙeri, wanda ke miƙe musu abin da ya lanƙwashe, ya yi musu noti idan an rasa na kanti.

Saboda garin yana tsakanin harsuna biyu na Turawa, sai sana'ar ta tashi da baki biyu, abin da direban Yamai ya kira buji direban Kano ya kira shi fulogi, wannan ya ce kamyo wancan ya ce lori, bakaniken Takieta kuwa wajibi ne ya ji su duka. Motocin zamanin nan, su Berliet da Land Rover da Peugeot 404, da 504 wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, ilminsu na zahiri ne, watau duk abin da ke aiki a cikinsu ido na iya ganinsa, hannu na iya taɓa shi. Idan mai bai zo ba, a busa kafireto. Idan wuta ba ta zo ba, a goge fulogi. Idan batir ya mutu, a tura. Yaro yakan shiga hannun maigida yana ɗan shekara goma sha wani abu, ya shekara yana wanke kayan aiki da miƙa sifana kafin a yarda ya kwance ƙafar mota, ya daɗe yana sauraron inji kafin a tambaye shi abin da ya ji, har ran da maigida zai sallame shi da addu'a da 'yan kayan aiki, kamar yadda malamin zaure ke ba almajiri izini. Silsila ce ta gaske, kowa ya san wanda ya koya masa, da wanda ya koya wa wancan. Babban kayan aikinta kunne ne, na biyu hanci, na uku tambaya, domin gwanin bakanike ba ya taɓa ƙarfe sai ya sa direba ya ba shi labarin cutar tun daga farkonta.

Sai zamani ya zo da motocin Kwatano. Tun wajen shekarun 1990, musamman bayan karyar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa, tsofaffin motocin Turai, daga baya kuma na Amurka, suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a koro su ta Gaya da Doso da Ƙwanni da Maraɗi, waɗansu su tsaya a Nijar, waɗansu su gangara Najeriya. A cikinsu akwai masu yawa da ba su da fedar kuloci, direba ya sa sanda a kan harafin D kawai, mota ta yi ta sauya giya da kanta. Kanikawa suka karɓe su da ɗari-ɗari, kuma suna da uzuri: ga akwatin giya a rufe ruf, ba ya aiki sai da jan mai na musamman, ba a tura motar ta tashi, ga wayoyi sun shiga cikinsa alhali a saninsu wuta da giya ba su da gami. Da yawa suka ɗauki hanya mafi sauƙi, idan akwatin ya yi ciwo a sauke shi gaba ɗaya a ɗora wani na gwanjo, ko a mayar da motar ta zama mai giyar hannu. Ilmin zahiri ya iso bakin iyakarsa, aka shiga fagen baɗini.

Domin a fahimci mas'alar, tilas a san abin da ya maye gurbin kuloci a waɗannan motoci. Tsakanin inji da akwatin giya akwai wani ƙarfe kewayayye, kamar akusa biyu da aka kifa baki da baki aka yi musu walda, cike da mai, shi ne ake kira kwambata. A cikinsa akwai fanka biyu suna fuskantar juna ba tare da sun taɓa juna ba: ta farko inji ke juya ta, ta watsa mai da ƙarfi a kan fukafukan ta biyu, ta biyun ta juya, ita kuma ta juya giya, a tsakaninsu akwai wata ƙarama wadda ke karkato man da ya dawo, ta mayar da shi ya taimaki ta farko, har ƙarfin juyin ya kusan ninka biyu a lokacin tashi. Da yake mai ne kaɗai ya haɗa su, mota na iya tsayawa cak giya na ciki inji bai mutu ba. Asalin hikimar ta wani Bajamushe ce, Hermann Föttinger, wanda ya yi rajistarta a 1905 don jiragen ruwa, sa'an nan Amurkawa suka kawo ta cikin mota, Buick ta fito da ita a 1948 da sunan Dynaflow. Amma kowace ni'ima da harajinta, domin fanka ta biyu ba ta taɓa cimma ta farko a gudu, kullum akwai 'yar zamiya, zamiyar nan kuwa fetur ce ke zama zafi a banza. Packard ta yi maganin haka tun 1949 da wani faifai mai fata a cikin kwambata, wanda idan mota ta miƙe hanya sai mai ya danna shi ya manne da murfi, inji da giya su zama abu guda. Amma fetur na da araha a lokacin, aka yi sakaci da dabarar, sai da tsadar mai ta 1973 ta girgiza duniya Chrysler ta dawo da ita a 1978, saura suka bi, aka kuma danƙa linzaminta ga lantarki.

Linzamin nan shi ne solinoyid, suna ne da Ampère, masanin Faransa, ya raɗa wa naɗin waya tun shekarun 1820. Siririyar wayar jan ƙarfe ce aka nannaɗe ɗaruruwan naɗi a kan wani ɗan bututu, a cikin bututun akwai tsinken ƙarfe da sifirin. Idan wuta ta bi wayar sai ta zama maganaɗisu, ta ja tsinken, ya buɗe ko ya toshe wata ƙofa mai kamar kafar allura, man da ke bi ta nan ya tura bawul, bawul ya aika mai ya danna faifan. Ba solinoyid ke yanke shawara ba, shi bawa ne mai jiran umarni daga ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ba ta ba da umarni sai sharuɗɗa sun cika: gudu ya kai, galibi daga kilomita 60 zuwa sama, totur bai nutse ƙwarai ba, inji ya ɗauki ɗumi, ƙafar direba ba ta kan birki. Mazauninsa a mafi yawan motoci cikin akwatin giya ne, a jikin wani allon ƙarfe mai hanyoyin mai birjik kamar cikin suri, wanda ba a ganinsa sai an zubar da mai an kwance kaskon da ke ƙasa, kuma ba shi kaɗai ba ne a wurin, yana jere da 'yan'uwansa masu sauya giya, masu kama da shi ƙwarai, ba a rarrabe su sai da launin waya ko zanen littafin motar. A tsofaffin Honda kuwa a waje yake, ɗaure a bisa jikin akwatin, mutum ya buɗe bonet ya sa hannu ya taɓa shi. Iri biyu ne kuma: akwai wanda bai san kome ba sai buɗe da rufe, akwai wanda ake ba wuta kaɗan-kaɗan ya danna faifan a hankali, kuma mizanin da ake auna su da shi ya saɓa, a Toyota, alal misali, na farko yakan nuna om 11 zuwa 15 a kan mita, na biyu kuwa biyar da 'yan kai.

Cutarsa takan zo ta fuska uku. Idan ya ƙi kamawa, mota za ta tafi lafiya a ganin wanda bai sani ba, sai dai allurar juyin inji ta tsaya sama da inda ta saba, fetur ya riƙa ƙarewa da wuri, man giya ya yi ta dahuwa har ya ƙone, musamman a zafin bazara. Idan ya kama ya ƙi saki, sai mota ta zama kamar mai giyar hannu wadda direbanta ya manta da kuloci, da an taka birki za a tsaya sai ta yi fizge-fizge inji ya mutu. Idan kuwa yana kamawa yana saki, sai a ji karkarwa a tsakanin kilomita 60 da 80, tamkar an hau gargada alhali kwalta sumul take. Inda wahalar take shi ne kowace ɗaya daga alamomin nan tana da sababi fiye da ɗaya. Karkarwar na iya zama daga fulogin da ke tsallake wuta, wanda mai ke ɓoye aibinsa, sai faifai ya kama sa'an nan a ji shi. Ko daga man da aka zuba wanda ba na motar ba ne. Ƙin kamawa na iya zama daga makunnin fitilar birki da ya lalace, yana gaya wa ƙwaƙwalwa ƙarya cewa direba na taka birki.

A nan ba zan wuce wata al'ada ta garejojinmu ba sai na yi magana a kanta, domin ta sa an zargi solinoyid da yawa bisa zalunci. Akwai ƙaramin bawul a hanyar ruwan inji, mai tsare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi ɗumi, kanikawa kuwa sun daɗe da yin ittifaƙi cewa don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi, saboda haka da mota ta iso sai a cire shi a jefar. A kan tsofaffin motoci illar ba ta fito fili ba. Amma a mota mai ƙwaƙwalwa, idan aka taso da asuba cikin hunturu, iska mai sanyi na dukan lagireto, ruwan yakan kasa kaiwa ɗumin da aka shardanta, wanda a waɗansu motoci digiri 60 ne, sai ƙwaƙwalwa ta hana kamawa bisa ga ƙa'idarta, a zo a kwance kasko a fitar da solinoyid lafiyayye, a sa wani, cuta tana nan inda take.

Masu ƙira sun san wannan rikici, shi ya sa suka koya wa ƙwaƙwalwa rubuta abin da ta lura da shi. Daga 1996 doka ta wajabta wa kowace motar da za a sayar a Amurka ta kasance da soket iri ɗaya mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi a 2001 ga motocin fetur, kuma aka yi yarjejeniya a kan lambobi: P0740 matsala a hanyar wutar faifan, P0741 ya ƙi kamawa yadda ya kamata, P0742 ya kama ya ƙi saki, P0743 illa ta lantarki. Na'urar karanta su, wadda a dā sai babban gareji, yau ta koma 'yar mitsitsiya ana haɗa ta da wayar salula, kuma samarin sana'ar su suka fara riƙe ta. Alheri ce babba, ban musa ba. Abin da nake tsoro shi ne taƙlidi, watau yaro ya ga lamba, ya duba ma'anarta, ya ga kalmar solinoyid, ya yanke hukunci nan take. Alhali ƙwaƙwalwa ba ta ganin solinoyid da ido, abin da take yi kawai ta gwada gudun inji da gudun giya ta ga sun saɓa wa umarninta, ko ta ji wuta ba ta gudana yadda ta zata. Lambar tuhuma ce, kuma ƙa'idar alƙalanmu tun dā ita ce ba a kama mutum da tuhuma sai bayyina ta tabbata.

Wannan ƙiyasi ba nawa ba ne, daga bakin wani dattijon bakanike na ji shi a Takieta, ran da larura ta zaunar da ni a rumfarsa. Mun taso daga Maraɗi ni da ɗan ƙanena a motarsa 'yar Kwatano, tafiya lafiya lau, har muka iso mararraba bayan azahar. Yana taka birki sai mota ta yi tsalle sau biyu ta mutu. Ya tayar, ta tashi. Ya sa giya, ta sāke mutuwa. Yara suka turo mu rumfa. Ɗan dattijon, saurayi mai kaifin basira, ya soka na'urarsa, ya karanto P0742, ya ce bari ya buga waya Ƙofar Ruwa a Kano a sako solinoyid a motar safe. Uban, wanda ya ce mini a kan Berliet ya koyi aiki, ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, yaro. Abin hannunka ƙara ya kawo, bai yanke shari'a ba. Bari mu ji shaidu." Sa'an nan ya juyo wajen ɗan ƙanena ya ce, "Samari, da sanyi take yi maka haka, ko sai ta yi tafiya?" Ya ce sai ta yi tafiya, kuma wannan ne karo na uku, idan ta huce takan saki. "Yaushe rabonka da juye man giya?" Ya ce tun da ya saye ta bai taɓa ba, domin an ce masa irin wannan mai ba a juye shi.

Dattijo ya zaro sandar awo, ya ɗiga man a kan farar takarda, ya duba a rana, ya shinshina. Man da ya kamata ya zama ja garau kamar zoɓo ya koma ruwan ƙasa mai duhu, amma bai yi ƙaurin ƙuna ba, kuma yawansa daidai. Da mota ta huce, bayan mun yi la'asar, ya ce mu shiga, ya zauna kusa da direba idonsa a kan allura, muka miƙi hanyar Tasawa. A wajen kilomita 70 allura ta ɗan sauka, ya ce, "Ka gani, Malam, ya kama." Ya umarci direba ya riƙe totur yadda yake, ya ɗan shafi birki da ƙafar hagu, allura ta ɗaga da juyi kamar ɗari biyu, ya ce ya saki, ke nan makunnin birki ya kuɓuta. Muka yi ta maimaitawa har akwati ya ɗauki zafi sosai, sai a karo na biyar ko na shida aka shafi birki allura ba ta motsa ba, kuma da muka dawo rumfa mota ta mutu kamar ɗazu.

Daga nan aiki ya koma hannun saurayin, kuma na ga uban ya ja da baya ya ba shi wuri ba tare da ƙyashi ba. Ya nemo zanen wayoyin motar a salularsa, ya gano wace waya ce a cikin soket ɗin da ke jikin akwati take zuwa ga wanda ake tuhuma, ya duba ko ɓera ya ci ta ko zafin salansa ya narkar da rigarta, ya tarar lafiya. Ya ɗora mita ya ga babu wuta a kanta alhali faifai na kame, watau ƙwaƙwalwa ta riga ta janye umarninta, ita da waya sun barranta. Ya zare soket ya auna naɗin, adadin ya faɗa cikin iyakar da littafi ya ƙayyade, ke nan wayar jan ƙarfen ba ta ƙone ba, ba ta yanke ba. Na ce, "Baba, to ai shi ma solinoyid ɗin ya kuɓuta ke nan." Ya ce, "A'a, Malam, mita ta shaidi wayarsa ne, ba ta shaidi tsinkensa ba. Saura shaida guda, kuma ita ce mai tsada, shi ya sa muka bar ta ƙarshe."

Aka tara daro, aka kwance kasko. Dattijo ya ɗauke shi da hannu biyu ya kai bakin rumfa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa, ya shafa ɗan mayen ƙarfen da ke manne a gindinsa, ya murza abin da ya kwaso a tsakanin yatsu. Laka ce mai laushi launin toka, irin wadda kowane akwati ke tarawa da tsufa. Ya bayyana mini cewa da ya ga baƙaƙen ɓarɓashi kamar dusa, da fatar faifan ce ta zube, da ya ga ƙyalƙyalin ƙarfe, da haƙoran ciki ne ke cin juna, kuma a kowane hali daga biyun nan sayen solinoyid ɓarnar dukiya ce, sai a sauke akwati. Suka ciro solinoyid ɗin, 'yar ragar da ke bakinsa ta toshe da lakar nan. Saurayi ya tabbatar irin mai buɗe da rufe ne kafin ya taɓa shi da batir, domin ɗaya irin, in ji shi, ba a ba shi wuta kai tsaye sai an gitta ƙwan fitila a tsakani, in ba haka ba ya ƙone. Ya taɓa, muka ji ƙas. Ya ɗauke, ƙas. Uban ya ce a jefa shi cikin man da aka ɗumama a sāke. Aka taɓa, ya ce ƙas. Aka ɗauke waya, shiru. Dattijo ya sa bakinsa ya busa ya tabbatar tsinken ya maƙale, ya miƙa wa ɗan ƙanena ya ce shi ma ya busa, don kada ya zama an yi hukunci a bayan idon mai dukiya.

Ba a jira Kano ba. A bayan rumfa akwai akwatin giya irin na motar, wanda haɗari ya fasa wa ƙugu, suka ciro nasa, suka yi masa jarrabawar nan duka, da sanyi da zafi, ya ci. Suka duba bawul ɗin da yake turawa suka ga yana zamewa a raminsa ba gardama, suka wanke kasko da mayen ƙarfe, aka aika birni da magariba aka sayo matata da man da littafin motar ya ambata da sunansa. Muka kwana a garin. Da hantsi saurayi ya share lambar daga ƙwaƙwalwa, dattijo ya karɓi ladansa, ya ja wa ɗan ƙanena kunne ya dawo a sāke juye man bayan ya yi 'yan dubban kilomita, domin rabin tsohon yana nan maƙale a cikin kwambata, ba ya fita ta kasko.

Muka kama hanyar gabas. Kafin mu kai Tirmini allura ta sauka a kan kilomita 70, ɗan ƙanena ya shafi birki ta ɗaga, ya ɗauke ƙafa ta koma, ya yi haka sau uku yana dubana. Da duwatsun Damagaram suka bayyana, muka iso shingen da ke bakin gari, ya taka birki har mota ta tsaya cik, giya na ciki, inji na ta kaɗawa a hankali, ya sauke gilashi ya miƙa takardu.